KYAKKYAWAR NIYYA KAƊAI BA TA RIƘE RUFI: Nasiha ga masu gina masallatai, makarantu da gidajen marayu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ɗaukaka sama kuma Ya aza ma'auni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW), da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa masu girma, al'ummarmu tana da son ginin alheri, alhamdu lillah. Da wuya ka shiga unguwa ba ka ga masallacin da ake ginawa ba, ko Islamiyyar da ake ƙara wa aji, ko asibitin da wata gidauniya ta ɗauko. Mai kuɗi ya ba da tirelar siminti, talaka ya ba da buhu ɗaya, tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ba da abin da take da shi. Kowa yana kwaɗayin alkawarin da ya zo a hadisin Sayyidina Usman (RA) a cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda ya gina masallaci don Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna.

Amma akwai wani ɓangare na wannan aiki da ba mu cika taɓowa a kan mumbari ba. Muna yawan magana a kan ladan ginin, ba ma magana a kan amanar da ke cikinsa. Duk ginin da jama'a za su taru a ƙarƙashinsa, rayukansu aka danƙa wa waɗanda suka gina shi. Mutumin da ya shiga masallaci ya yi kabbara ba ya ɗaga kai ya duba ko rufin zai riƙe. Uwar da ta tura ɗanta Islamiyya ba ta tambayi girman rodin da aka sa a bene ba. Sun yarda da ku ne kawai.

Mu tuna da abubuwa uku da suka faru.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan masallata suna cikin sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Wannan masallaci ne da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, ya yi kusan shekara 190 yana tsaye. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kawo injiniyoyi ne abin ya auku.

Ranar 12 ga Yuli 2024, ginin bene na wata makaranta a unguwar Busa Buji da ke Jos ya rushe da safe ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasa rayukansu.

Ranar 29 ga Satumba 2025, a garin Sidoarjo na ƙasar Indonesiya, ginin wata makarantar kwana ta addinin Musulunci ya rufta, ɗalibai suna sallar La'asar a ƙasa, ma'aikata suna zuba kankare a hawan sama. Fiye da mutum 60 suka rasu, mafi yawansu yara masu neman ilimi.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya ba dukkan iyalan haƙuri. Ban kawo waɗannan don ɗora wa wani laifi ba, wannan aikin masu bincike ne da alƙalai. Na kawo su ne don mu ga cewa gini ba ya duba me ake yi a cikinsa kafin ya faɗi. Allah Ya sanya wa ƙarfe da dutse da ƙasa ƙa'idar da suke bi, kuma ba Ya canza ta don an rubuta sunan masallaci a ƙofa. Ka'aba da kanta ambaliya ta taɓa raunana ta har Ƙuraishawa suka sake gina ta shekara 5 kafin aiko Annabi (SAW), kuma a shekarar 1630 wata ambaliyar ta rushe bangayenta har Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya sa aka sake ginawa. To idan ruwa bai ƙyale Ɗakin Allah ba, masallacin unguwarmu ne zai ƙyale?

ABIN DA NASSI YA KOYAR

Ku duba ƙissar Zulƙarnaini a Suratul Kahfi. Da mutane suka roƙe shi ya toshe tsakaninsu da Yajuju da Majuju, sai ya nemi su taimaka masa da ƙarfin aiki, aka kawo guntayen baƙin ƙarfe aka jera har suka cike tsakanin duwatsun biyu, aka hura wuta har ƙarfen ya yi ja, sannan aka kwarara narkakkiyar tagulla a kai. Sai da ya gama duk wannan sannan ya ce abin rahama ce daga Ubangijinsa. Ku lura da jerin: kayan aiki masu kyau, sanin yadda ake haɗa su, bin mataki bayan mataki, sannan mayar da falala ga Allah.

A cikin surar dai, Annabi Musa (AS) da Halliru sun iske bango yana shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci, Halliru ya tsayar da shi ba tare da karɓar lada ba, saboda a ƙarƙashinsa akwai dukiyar marayu biyu. Wannan dukiya ce kawai fa. Ina ga bangon da marayun da kansu suke kwana a ƙarƙashinsa?

Suratut Tauba aya ta 109 ta kwatanta wanda ya kafa gininsa a kan tsoron Allah da wanda ya kafa nasa a gaɓar kwari mai zaizayewa, ya rufta da shi. Misali ne a kan imani da munafunci, amma Allah Ya buga shi da abin da kowane mai hankali ya sani: gini ba ya wuce ƙarfin abin da aka ɗora shi a kai.

Sannan Allah Ya umarce mu a Suratun Nahli da mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba. Annabi (SAW) kuma, a hadisin Bukhari, ya bayyana cewa tozarta amana shi ne a danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba. Liman ahali ne a kan alƙibla da hukuncin sahu. Alhajin da ya ba da kuɗi ahali ne a kan dukiyarsa. Amma kaurin ginshiƙi da adadin rodi, wannan na injiniyan da ya karanci ƙarfin gini ne.

YADDA GINI YAKE ƊAUKAR KAYA

Bari mu ɗan shiga makarantar injiniyoyi, don a fahimci girman maganar.

Nauyi a gini sauka yake yi kamar ruwa. Dekin yana sauke kayansa a kan bim, bim ya sauke a kan ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke a kan harsashi, harsashi ya sauke a kan ƙasa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, na samansa duka sun tafi.

Kankare mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 2,400. Ɗauki masallaci mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, aka zuba masa dekin mai kaurin santimita 15. Dekin ɗin kaɗai nauyinsa tan 108 ne, wato nauyin buhun siminti 2,160, fiye da tirela uku da rabi. Wannan kafin a ɗora bulo, kafin tayil, kafin mutum ɗaya ya taka. Idan mutum 400 suka hau sallar Tarawihi, kowanne kilo 60, an ƙara tan 24. Idan aka ɗora tankin ruwa mai lita 5,000, an ƙara tan 5 a wuri guda. Duk wannan a saman kawunan masu sujada yake.

Shi ya sa lissafin ginin taron jama'a ya bambanta da na gidan kwana. A ɗakin kwana injiniya yakan yi tanadin kusan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. A wurin da ake cunkoso yakan yi tanadin har kusan kilo 500. Saboda haka wanda ya ɗauki gidan zama ya mayar da samansa makaranta mai ɗalibai 80 a aji, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wani abu kuma: kankare yana jure danni, amma ba ya jure ja. Rodi ne yake ɗaukar ja. Don haka ba yawan rodin kaɗai ba, har wurin da aka sa shi yana da muhimmanci. Rodin baranda mai fitowa waje a sama ake sa shi, na tsakiyar dekin a ƙasa. Idan aka juya, kamar ba a sa ba ne, kuma da zarar an zuba kankare babu idon da zai sake gani sai idon Allah.

INDA AKE SAMUN MATSALA

Na ɗaya, ƙarin hawa a kan harsashin da ba a yi don haka ba. An gina masallaci na ƙasa shekara 15 da suka wuce, jama'a sun ƙaru, sai a ce a ɗora na mata a sama. Bayan shekara uku a ce a ɗora ajin hadda. Ba wanda ya tona ya ga harsashin. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Idan kuna da burin bene, ku faɗa wa injiniya tun ranar farko ya yi harsashin bene, ko da hawa ɗaya za ku fara.

Na biyu, rage ginshiƙai don kada sahu ya yanke. Gaskiya ne akwai ruwaya daga Anas (RA) a kan guje wa yin sahu tsakanin ginshiƙai, kuma malamai sun sauƙaƙa idan akwai cunkoso. Amma ku sani, idan ka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi sau 2, ƙarfin da ke neman lanƙwasa bim ɗin sau 4 yake ninkuwa. Ana iya gina fili mai faɗi babu ginshiƙi, amma da lissafi ake yi tun daga zane. Mafita ita ce liman da injiniya su zauna tare a jera ginshiƙan yadda ba za su cutar da sahu ba. Ba a sare ginshiƙi bayan an gama gini.

Na uku, ha'inci a kayan aiki. Zane ya ce rodi mai milimita 16, a sayo mai 12. Kwaɓin da aka saba yi na kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sai a ja shi har siminti ya zama kamar gishiri a miya. A kawo yashi mai laka, a tsula ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zuba, alhali yawan ruwa raunana kankare yake yi. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wancan algus ɗin asarar 'yan kuɗi ce. Wannan fa?

Na huɗu, gaggawa. Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya yi ƙarfin da aka tsara masa. Amma saboda ana son buɗewa kafin azumi, ko babban baƙo ya sa rana, sai a cire katakon tokare kafin lokaci, ko a fara loda bulo a kan ɗanyen dekin. Mafi muni shi ne a bar jama'a suna salla ko karatu a ƙasa ana zuba kankare a sama. Wallahi, salla a filin Allah a cikin rana ta fi wannan.

Na biyar, rashin gwada ƙasa. Akwai laka da take kumbura da damina ta tsuke da rani ta tsattsage, kamar firgin da aka sani a yankin Tafkin Cadi. Akwai filayen da asalinsu kududdufi ne aka cike da shara. Sau da yawa irin waɗannan ne ake bayarwa kyauta don masallaci ko makaranta. A karɓa, a gode, amma a gwada ƙasar kafin a haƙa harsashi.

Na shida, rashin kula bayan gini. Iyayenmu sun fi mu sanin wannan. Kafin damina ana yaɓe, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci. Mutanen Jenne a ƙasar Mali har gobe kowace shekara gari guda suke fitowa su yaɓe masallacinsu na ƙasa. Mu kuwa muna ganin siminti ba ya tsufa. Ruwa yana zama a kan rufi, ya ratsa ya isa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, mu kuma mu shafe da fenti.

"AI ƘADDARA CE, KUMA SHAHADA SUKA YI"

Wannan ita ce maganar da ake rufe baki da ita. Mun yi imani da ƙaddara, kuma gaskiya ne a hadisin Bukhari da Muslim an lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, muna fata wa 'yan'uwanmu wannan daraja. Amma a cikin wannan hadisin akwai wanda ya nutse a ruwa. Shin shahadarsa za ta wanke mai jirgin da ya loda mutum 100 a kwale-kwalen mutum 40? Darajar wanda ya rasu daban, hisabin wanda ya yi sakaci daban. Kuma Annabin da ya faɗi wannan falala shi ne dai ya nemi tsarin Allah daga rushewar gini, kamar yadda Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito. Da Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A Muhtasar na Shehu Halil an ambaci bangon da ya karkata: idan aka gargaɗi mai shi, kuma yana da halin gyarawa bai gyara ba, ya faɗi ya yi ɓarna, to lamuni yana kansa. Malikiyya sun shahara da babin lamuncewar masu sana'a. Akwai ma wani magini ɗan Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, da ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, domin alƙalai suna tura shi ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu. Hadisin Abu Dawud ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba a san shi da likitanci ba. Wanda ya yi injiniyanci ba a san shi da shi ba, sai ya ji wa kansa tsoro. Rai kuwa ko a kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma alƙali ne zai tantance wanda abin ya hau kansa.

"BA MU DA KUƊIN INJINIYA"

Sau da yawa kwamitin da yake faɗin haka shi ne yake da kuɗin tayil na waje, da fitilu masu reto, da hasumiya biyu. Kuɗin zane da gwajin ƙasa da sa ido ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin ginin gaba ɗaya. Arha ba ta ado.

Idan kuma kuɗin ne da gaske suka gaza, Ƙuraishawa sun bar mana darasi tun suna jahiliyya. Sun sharɗanta ba za su sa dukiyar haram a ginin Ka'aba ba. Da kuɗin suka gaza, sai suka rage girman ginin, suka bar Hijir a waje, kuma Annabi (SAW) ya bayyana wa Nana A'isha (RA) cewa ƙarancin guzuri ne ya sa su hakan. Ku rage girma, kada ku rage rodi. Masallacin Annabi (SAW) da tubalin ƙasa da kututturen dabino aka gina shi, rufinsa na ganyen dabino har yana yoyo da ruwan sama, kuma babu masallacin da muke ginawa yau da ya kama ƙafarsa a daraja. Da hali ya samu, Sayyidina Usman (RA) ya sake gina shi da sassaƙaƙƙen dutse. Rumfar kwano mai aminci ta fi bene uku mai jiran rana.

NASIHA GA KOWANE ƁANGARE

Ga 'yan kwamiti: kada ku fara haƙa sai da zanen ƙarfin gini mai ɗauke da hatimin injiniyan da ke da rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya. Ku nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Kada a zuba kankare sai injiniya ya zo ya ga rodi da idonsa. Ku ajiye zanen a wurin da waɗanda za su gaje ku za su same shi.

Ga masu bayarwa: Alhaji, Hajiya, kafin ka tura kuɗi ka tambaya wane ne injiniyan aikin. Biyan injiniya da gwajin ƙasa sadaka ce mai gudana kamar sayen siminti, ko da ba a rubuta sunanka a allo ba.

Ga injiniyoyinmu Musulmi: ku ba da zakkar iliminku. Ku duba masallaci ko Islamiyyar unguwarku ko da ba a kira ku ba. Kuma kada ka sa hatiminka a kan zanen da ba ka lissafa ba, ko aikin da ba ka je ka gani ba. Wannan shaidar zur ce.

Ga magina, birkiloli da 'yan kwangila: ba wanda ya raina gwanintarku, hannunku ne yake tsayar da ginin. Amma idan aka ce ka rage, ka ce ba za ka iya ba. Arziƙinka ba a hannun shugaban kwamiti yake ba.

Ga limamai da shugabannin makarantu: idan kun ga tsagewar da take ƙara faɗi, ko wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ko dekin ya yi ciki, ko kankare yana zubowa rodi ya bayyana da tsatsa, ko ƙofofi sun fara ƙin rufuwa haka kawai, ku fitar da jama'a a ranar, ku kulle wurin, sannan ku kira masani. Abin da ya faru a Zariya ya nuna mana cewa tsakanin ganin tsagewa da faɗuwa yana iya zama kwana ɗaya tak. Ƙasa duka an sanya ta masallaci ga wannan al'umma, sallarku a waje ta yi.

Kai kuma mai karatu, yau idan ka idar da salla ka ɗaga kai ka dubi rufin masallacinku, gobe ka leƙa ajin da ɗanka yake zama. Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa wa shugabanni cikin ladabi, kada ka yi shiru don gudun a ce ka cika magana.

Ya Allah, muna neman tsarinKa daga rushewar gini, da nutsewa, da gobara. Ka ba mu ikon riƙe amana a abin da mutane suke gani da wanda kankare ya rufe. Ka karɓa daga duk wanda ya sa hannu a ginin alheri, Ka gina masa gida a Aljanna. Wallahu a'alam. Wa sallallahu ala Nabiyyina Muhammad wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.